Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya da 'yan majalisa: da wane mudu ake auna wa masu ciwon daji magani?

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayya,
da shugabannin kwamitocin lafiya na Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ni malamin sakandare ne, kuma na yi wata goma sha shida ina jinyar yayata, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har ranar da Allah ya karɓi abarsa. Sankarar mama ce. Ban rubuto don in ɗora wa wani alhakin ajalinta ba. Kwana ne ya ƙare, mun kuma karɓi hukuncin Ubangiji. Amma yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana a tambayi mai riƙe da amana yadda ya riƙe ta ba. Tambaya ɗaya na kwaso daga barandar asibiti na kawo muku: a ƙasar nan, da wane mudu ake auna wanda zai samu maganin ciwon daji na zamani, da wanda za a ce masa ya koma gida a ci gaba da addu'a?

Ga yadda tambayar ta same ni. Bayan an yanki tsoka an aika gwaji, mako uku muka yi muna jira. Ranar da sakamako ya fito, likita ya duba takardar, ya ɗago ya dube ni, ya ce: “Malam, wane aiki kake yi?” Na ɗauka cikon gaisuwa ne. Sai daga baya na gane aunawa yake yi, ya faɗa mana abin da ya gani ko ya bar wa cikinsa. Ya ce ciwon Yaya yana ɗauke da wata alama da ake kira HER2, kuma akwai allurar da aka yi musamman domin irinsa, sunanta trastuzumab. Ana yin ta duk bayan mako uku har shekara ta zagayo, wajen sau 18 ke nan, kuma tana rage yiwuwar dawowar ciwon ƙwarai. Kuɗin kuwa bai furta shi da baki ba. A bayan kati ya rubuta ya turo mini. Kuɗin allura ɗaya ya cinye albashina na wata da watanni.

A benci ɗaya da mu akwai wata baiwar Allah da ta zo daga ƙauye, mijinta manomi. Suka saba da Yaya har suna kiran juna ƙawa, suna raba kunu a kofi ɗaya. Wata rana ta miƙo mini takardunta in duba mata ranar dawowa, sai idona ya faɗa kan harufan nan, HER2, da sakamako irin na Yaya sak. Babu wanda ya taɓa gaya mata akwai wata allura. Na karanta mata ranar, na naɗe takardun na mayar mata, na ja bakina na yi shiru. Shirun nan yana cina har yau.

Ba na ganin laifin likitan. An ajiye shi ne a inda ko ta ina ya taka akwai ƙaya. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu, da haɗarinsu, da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji. In ya bi doka ya gaya wa manomi, manomin zai sayar da gona da shanun huɗa, ya sayi allura uku ko huɗu, kuɗi su ƙare, a rasa matar, a rasa gonar, a bar marayu da bashi. In ya yi shiru, ya yanke wa mace hukunci a kan ranta ba tare da ta san an yi zama ba. Likitan da yake ganin mutum hamsin a yini, shi aka bar wa wannan nauyi, shi kaɗai, a bayan labule. Nauyin kuwa na hukuma ne.

Mu mun ji, mun kuma gwada. Gonar gado ta tafi, 'yan kunnen zinariyar Yaya suka bi, na kwashi adashi biyu, 'yan'uwa suka yi karo-karo. Muna tsakiyar haka aka saki Naira a watan Yunin 2023. Dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin a yi nisa cikin 2024, kuma duk maganin nan daga waje ake shigo da shi. Allura biyar muka iya. Ta shida muka je kanti muka ji sabon farashi, muka dawo gida babu mai ce wa wani uffan. Wani ya yi mini tayin mai araha ta bayan fage, na ƙi, domin NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi a kan jabun magungunan ciwon daji da ke yawo a kasuwa, kuma jabun allura a jijiyar mai sankara kisa ne da kuɗinka.

Sai batun gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Wanda bai yi jinya ba zai ɗauka zuwa ɗaya ne. Kwana biyar ne a mako, makonni a jere, kuma likitoci sun ja mana kunne cewa yankewa a tsakiya yana rage amfaninsa. An ba mu rana bayan wata biyu. Da ranar ta zo aka ce na'ura ta lalace, ana jiran injiniya. Muka koma wani gari mai nisan yini guda a mota, muka shiga sabon layi daga ƙarshe. A can na ga mutane daga jihohi huɗu ko biyar suna kwana a baranda da gindin darbejiya, suna dafa abinci a kurfoti, domin ba su da kowa a garin. A can kuma na ga wanda ya zo da 'yar takarda daga wani babba, aka shigar da nasa a ranar. Ban riƙe shi a rai ba, shi ma mahaifiyarsa ce ya kawo. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, wannan tsohon zance ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne babu wata takarda a bango da ta ce ga ƙa'idar layi, ballantana a ce an karya ta.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin alƙaluman, amma bari in maimaita su saboda masu karatu. Ƙididdigar ciwon daji ta duniya, GLOBOCAN, ta 2022 ta nuna kusan mutum 128,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suke mutuwa. Sankarar mama ce kan gaba. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma waɗanda ke da inshorar lafiya ba su kai ɗaya cikin goma ba. Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun 2024. Duk wanda ya jera waɗannan ya san rabon magani ana yin sa kullum a ƙasar nan, da ma'auni uku: aljihu, nisan gari, da wanda ka sani. Ba majalisa ce ta zartar da su ba, ba a rubuta su ko'ina ba, shi ya sa ba a iya ƙalubalantarsu.

Zalunci ne in ce ba a yi komai ba. An kafa Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji a 2021, ya fara da asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Benin da Inugu. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta 2022 ta mayar da inshorar lafiya tilas, ta kuma tanadi asusu na masu rauni. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda dokarta ta fito tun 2017, ta fara aiki a 2023. A watan Oktoban shekarar aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, abin da nake gani shi ne mafi alherin matakin da aka ɗauka a kan wannan sankara. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Allah ya saka wa duk mai hannu a ciki. Amma ku dubi taswira. Arewa maso Yamma jihohi bakwai ce, asusun ya fara da ƙofa ɗaya a Zariya. Matar da ke Argungu ko Gumel, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cire ta daga lissafi. Kuma ciwo uku asusun ya ɗauka: na mama, na bakin mahaifa, da na furostet a maza. Mai sankarar hanta, wadda ciwon hanta nau'in B ke haddasawa kuma ta yi mana yawa, ina zai nufa? Mai sankarar mafitsara, wadda tsargiya ke share wa hanya a garuruwanmu na bakin gulbi da madatsun ruwa fa? Yara fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu da yawa ba su kai kashi 30 ba. Ciwon da ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi ne ke narkar da shi. Duk da haka yara na mutuwa da shi saboda iyaye sun kasa biyan zagaye na uku.

Haka yarjejeniyar NHIA da kamfanin Roche mai yin magungunan ciwon daji, inda kamfanin ke ɗaukar rabin kuɗin maganinsa, hukumar ta ɗauki kashi 30, majinyaci ya biya 20. Tsari ne mai kyau ga wanda ke cikin inshora. Ƙawar Yaya ba ta ciki, haka mijinta, haka kusan kowa a ƙauyensu. Tallafin sai ya fi sauka a kan wanda dama yana da albashi.

Yanzu ga ku, 'yan majalisa, domin nan ne doka ta yi mana wasan ɓuya. Sashe na 17(3)(d) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce hukuma za ta karkata manufofinta wajen samar da isassun kayan kula da lafiya ga kowa. Ina koya wa ɗalibaina wannan a aji. Abin da nake jin nauyin koya musu shi ne sashe na 6(6)(c), wanda ya hana kotu tambayar ko gwamnati ta cika abin da ke Babi na Biyu, babin da sashe na 17 ɗin yake ciki. An ba mu da hannun dama, an karɓe da hagu. Akwai sashe na 33 da ya ba kowa 'yancin rayuwa. Akwai sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wanda ya ambaci lafiya ƙarara, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000 cewa yarjejeniyar doka ce a cikin gida. Lauyoyi na iya lallaɓawa ta waɗannan tagogi. To me ya sa sai ta taga, alhali ku ne ke riƙe da mabuɗin ƙofa, kuma kusan kowane zango sai kun zauna gyaran tsarin mulki? Sashe na 20 na Dokar Lafiya ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ciwon daji kuwa ba ya zuwa da jini a riga. A hankali yake ci, wata biyun da aka ce a jira su ne gaggawarsa, kuma doka ba ta san da wannan ba.

Ba ina cewa kotu ce maganin komai ba. A Brazil tsarin mulkin 1988 ya ce lafiya haƙƙin kowa ce kuma wajibi ce a kan hukuma, sai dubban mutane suka riƙa zuwa kotu ana ba da umarnin a saya musu magunguna masu tsada. Masu nazari a can sun daɗe suna kukan cewa wanda ya iya kai wa ga lauya shi ke cin moriyar. In haka za mu yi, mun canja wa takardar babban mutum suna ne kawai. Darasin Afirka ta Kudu ya fi kama hankalina. A 1997 wani mai ciwon ƙoda, Soobramoney, ya nemi Kotun Tsarin Mulki ta tilasta wa asibitin gwamnati ya yi masa wankin ƙoda. Kotun ta ƙi, domin asibitin yana da rubutacciyar ƙa'idar wanda zai hau na'ura, an kuma bi ta da gaskiya. Mutumin ya rasu ba da jimawa ba, hukunci ne mai ɗaci. Bayan shekara biyar, a 2002, kotun nan dai ta tilasta wa gwamnati ta wadata asibitoci da nevirapine, maganin da ke kare jariri daga ɗaukar HIV wajen uwa, domin ta ga babu hujjar hankali a tsare shi a wurare kaɗan. Ka ga kotun ba ta ce a ba kowa komai ba. Cewa ta yi dole hukuma ta kawo dalili, dalilin kuma ya tsaya da ƙafarsa a gaban jama'a. Wannan nake roƙo a sa mana a doka.

Na san baitulmali ba rijiya ba ce mai ƙin ƙafewa. Akwai maganin da ake ɗibar ƙwayoyin garkuwar jikin majinyaci a gyara su a mayar masa, wanda ya fito a Amurka a 2017 a kan dala 475,000 ga mutum ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce a saya wa kowa wannan alhali asibitin karkara ba shi da safar hannu. Ni da na rasa 'yar'uwa ma na yarda Naira ɗaya a rigakafin HPV da gwajin wuri ta fi ceton rai a kan Naira ɗaya a allurar ƙarshen zamani. To amma a faɗa mana. Ingila tana da hukumar NICE tun 1999, wadda ke auna amfanin kowane sabon magani da kuɗinsa, ta buga hukuncinta da dalilansa kowa ya karanta, mai ja ya ja. Tailan, wadda ba ta cikin manyan masu arzikin duniya, ta kafa irin tata. Me zai hana NICRAT da NHIA su fitar da jeri guda, a rubuce, da Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunanmu: ga magungunan da hukuma ta ɗauka gaba ɗaya, ga waɗanda ta ɗauki rabi, ga waɗanda ba ta ɗauka ba da dalilin ƙin ɗauka? A manna ƙa'idar layin gashi a ƙofar kowace cibiya, wanda ciwonsa ya fi matsawa da wanda gashin zai iya warkarwa su ne gaba. A ajiye wurin kai ƙara wanda ba ofishin shugaban asibitin ba. A sa waɗanda suka yi jinya da waɗanda suka warke cikin masu zaman tsara jerin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kuma kada a bari kalmar “na zamani” ta ruɗe mu. Trastuzumab ta fito tun 1998. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin magungunan da ba a yi sai da su a 2015. Haƙƙin mallakar kamfanin da ya ƙirƙiro ta ya ƙare a Turai a 2014, a Amurka a 2019, kuma a watan Disambar 2019 hukumar ta tantance takwararta ta farko mai sauƙin farashi. Allurar da ta haura shekara ashirin da biyar a duniya ita ce har yau muke kallo kamar jirgin sama. Abin da ya hana ta sauka shi ne kowane asibiti da kowane ɗan jinya yana cinikinsa shi kaɗai, kwalba ɗaya-ɗaya, a hannun dillalai. Ko a kasuwar Dawanau mai sayen tirela ba ya biyan farashin mai sayen tiya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta haɗa buƙatarta wuri ɗaya, ta yi ciniki da murya ɗaya, ta biya a kan lokaci, ta kai maganin asibiti cikin sanyinsa. Wannan ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki, sa hannunka yake jira.

Waɗanda har yanzu suke ƙarƙashin haƙƙin mallaka, irin sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta, su ma doka ba ta ɗaure mana hannu ba. Sanarwar Doha da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fitar a Nuwamban 2001 ta tabbatar cewa ƙasashe na da ikon ba da lasisin dole, wato izinin wani kamfani ya yi maganin ko mai haƙƙin bai yarda ba, saboda lafiyar jama'a, kuma dokarmu ta haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ta tanadi hakan. Tailan ta yi amfani da wannan iko a kan magungunan ciwon daji a 2008. Indiya ta ba kamfanin Natco lasisin yin sorafenib, maganin sankarar hanta da ƙoda, a 2012, kuɗin wata ya faɗo daga wajen rufi 280,000 zuwa 8,800, kuma mai haƙƙin ya ci gaba da karɓar kasonsa. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi ba Novartis haƙƙin mallaka a kan sabon fasalin Glivec, maganin wani nau'in sankarar jini. Glivec ɗin nan kuwa mun san shi a nan gida: an yi shekara da shekaru ana ba da shi kyauta ta hanyar tallafi, amma a Ile-Ife ake karɓa, sai mutumin Maiduguri ya ratsa ƙasar nan kaf kafin ya kai ga kyautar. Wanda ya kashe dukiya ya yi bincike yana da haƙƙin cin riba, addini da hankali duk sun yarda. Amma wanda ya je ciniki ya bar sandarsa a gida, kuma kowa ya san ya bar ta, ba zai samu ragi ba.

Akwai wata ƙofar da a wasu ƙasashe talaka ke samun sabon magani ta cikinta, wato gwajin magunguna a kan majinyata. Kaɗan ne ƙwarai daga irin wannan gwaji na ciwon daji ake yi a Afirka, don haka ana yi mana magani da sakamakon da aka samu a jikin wasu. Ina so a kawo gwajin nan asibitocin koyarwarmu. Amma ni ɗan Arewa ne, kuma ba mu manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da yara kusan 200 a Kano, wajen rabinsu aka ba shi, ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan ko iyaye sun san abin da suka amince da shi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Tabon nan yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma har yau akwai uban da ke jin sunan allurar HPV ya tuna da shi. Mai sankarar da kuɗinsa suka ƙare zai dangwala yatsa a kan kowace takarda aka miƙo masa. Saboda haka a ƙarfafa kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, a yi bayanin yarda da harshen majinyaci a gaban shaidar da ba ma'aikacin masu gwajin ba, a kuma rubuta tun farko cewa wanda maganin ya karɓa ba za a yanke masa ranar da aka rufe bincike ba.

Ranka ya daɗe, akwai maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma barin ta munafunci ne. Sashe na 46 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana a ɗauki nauyin jami'in gwamnati zuwa neman magani a ƙetare da kuɗin jama'a, sai a yanayi na musamman, da shawarar kwamitin likitoci da amincewar Minista. Amincewarka ke nan. Muna roƙon a buga duk shekara mutum nawa aka amince wa da nawa aka kashe, ba tare da sunan kowa ko ciwonsa ba, a ajiye adadin kusa da abin da aka saki wa asusun masu ciwon daji a shekarar. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 na kasafi zai tafi ga lafiya, kuma mai masaukin baƙin bai taɓa cika alkawarin ba. Muddin masu yanke hukunci a kan na'urar gashi ba su taɓa zama a layinta ba, gyaranta zai ci gaba da jiran injiniya.

Malamanmu da attajiranmu ma ba su fita ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Hukumomin zakka da waƙafi na jihohi za su iya gina masauki kusa da kowace cibiyar gashi, su ɗauki kuɗin motar majinyata. Sai dai sadaka tana bin wanda aka gani ne, wanda hotonsa ya zaga Facebook. Mai kunya da wanda ba shi da waya ba sa cikin rabonta, don haka ba za ta zauna a gurbin haƙƙi ba.

Abu na ƙarshe shi ne mafi araha, shi ne kuma ya fi ƙona mini rai. A makonninta uku na ƙarshe ciwon ya shiga ƙashi. Ruwan mofin da ake sha don kashe raɗaɗi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi likita ya rubuta. Na zaga kantuna da asibitoci kwana huɗu kafin in samu, wani ya ce ya ƙare, wani ya ce mai riƙe da mabuɗi ba ya nan, wani ya dube ni kamar ɗan ƙwaya. Na san dalilin tsaurin, duk mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu. Amma a dararen nan huɗu ina jin Yaya, macen da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, tana cizon filo don kada 'ya'yanta su ji. Wanda aka ce masa babu kuɗin warkar da shi, aƙalla a bar shi ya yi kalmar shahada cikin hayyacinsa. A tabbatar da mofin a kowane babban asibitin jiha, da ma'aikacin da aka horar ya ba da shi.

Ina roƙon kwamitocinku su kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wannan batu, kuma kada a yi shi a ɗakin taro na otal a Abuja. A yi shi a harabar asibitocin Zariya da Sakkwato da Gombe da Katsina, da tafinta, a ranar da masu gashi ke layi. In an kira zan zo. Fayil ɗin Yaya yana nan a akwatina yadda ta bar shi, da katin da likita ya zana gurbi 18 a bayansa, biyar da sa hannu, goma sha uku babu komai. Mijin ƙawarta ma zai zo in na aika masa. Ya zo mana ta'aziyya, ya gaya mini tasa ta riga Yaya da wata biyu, kuma ranar zaman zan gaya masa abin da na gani a takardunta.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naku,
Wani malamin makaranta, ƙanin marigayiya.